Abin da Muka Sauko da Shi

Mande ya zo daga Gusau ran Laraba,
takalmi fari ƙal, waya a tafin hannu.
Ya dubi garinmu sau ɗaya ya ce, "To, nan me ake kallo?"
Ban tanka ba. Kwatarkwashi ba ta neman mai yi mata baki,
dutsenta na tsaye a bayanta tun ba a haifi tambaya ba.

Kaka Ige ce ta jiyo daga ɗaki.
"Ku hau gobe da jijjifi.
In kun wuce tsagin da iska ka kuka,
akwai tsamiya hannun hagu, nan gidan ubana yat tsaya.
Ku ɗebo min ko ukku. Bakina ya mance tsaminta."

Muka fita raɓa na jiƙa wando,
gora ɗaya, ƙuliƙuli a aljihu, sanda ta aro.
Gero ya kere mu tsawo.
A gindin dutse falalen ya yi santsi,
farin takalmi ya ƙi hawa.
Mande ya tuɓe shi, ya ƙulla igiyoyin, ya rataya a wuya
kamar mai tallan laya.

Rema ta leƙo, ta koma.
Wani gwaggon biri zaune kan hanya, hannu a gwiwa,
kai ka ce kuɗin shiga zai karɓa.
Na nuna masa duwatsun da aka jera ba laka,
rabin katanga, kargo ya fito ta haƙarƙarinta;
na nuna masa kwarmin da niƙa ya ci a jikin falale,
sulɓi kamar cikin akushi.
Ya sa tafinsa ciki. Ya daɗe bai cire ba.
"Mata nawa?" ya ce.
Na ce, tambayi dutse.

Can ƙoli numfashi ya ƙare mana, magana ma haka.
Titin Gusau ya koma zare,
manyan motoci na jan ciki kansa kamar cinnaku,
mikiya biyu na shawagi, mu muna kallon bayansu.
Ya ɗauki hoto huɗu, waya ta mutu.

Tsagin na nan, iska na kukanta.
Tsamiya kuwa ta kwanta.
Kututture kaɗai, gara ta yi masa rigar ƙasa,
ko ɓawo ɗaya babu.
Muka tsaya kamar 'yan aiken da kuɗi ya zube musu.
Mande ya tona da babban yatsa, don haushi kawai,
sai ga tsingaro, bai kai tafin yaro ba,
jikinsa da zane layi-layi.
Ya hure shi, ya jefa aljihu cikin garin ƙuliƙuli.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.
Muka faɗa rafi da rigunanmu,
yaran Nomau masu fatsa suka yi ta yi mana tsiya
wai mun kore musu tarwaɗa.

Bayan magariba muka durƙusa gabanta hannu biyu babu tsamiya.
Idonta ya daɗe da yin hazo,
yatsa ta sa, ta bi zanen sannu, ta dawo, ta sake bi.
"Bakin tulu na.
Haka innata ka murza igiya bisa ɗanyen yumɓu."
Sai ta kai shi harshe.
Muka yi tsit.
"Gishiri da gyaɗa," ta ce. "Wane ɗan banza yas sa shi cikin ƙuli?"
Ta yi dariya har tari ya kama ta,
ta ƙulle shi a bakin zane.

Da dare Mande na shafa man kaɗe a tafin sawu.
Bai nemi inda ake cajin waya ba.
Ya ce, "Ta ɗaya gefen fa, akwai hanya?"